Bikin Inna a Shafin Daddawa

Gummi

Yaya Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Anka? Ga wasiƙa ta hannun direba, sabis ya sake ɗaukewa.

Shafin intanet ɗin da ka buɗe wa daddawar Inna ya yi kyau, amma wallahi ko ƙuda bai sauka a kai ba. Daddawa na nan jibge a ɗaki. Inna ta ce ita ba za ta zauna garin mutane tana cin na 'ya'ya ba, ruwa na sauka za ta koma Zugu ta yi noma. Ka san 'yan bindigar da suka koro mu, ka san hanyar nan. Na yi kuka, na yi magiya, ko gezau. Tsoro nake ji, Yaya. Ka yi wani abu.

Ƙanwarka,
Hamida

Anka

Hamida,

Wa alaikumus salam. Ki gaishe da Inna da kyau.

Ki kwantar da hankalinki. Akwai wata mai suna Sahura a Bukkuyum, tana da shafin kuka da busasshiyar kuɓewa, kuma ana shiga sosai. Mun yi magana. Ta sa linkin Inna a shafinta, wato wata 'yar ƙofa da mutum zai taɓa ta kawo shi wajenmu. Ke ma ki sa nata a namu, yadda na koya miki. Guda ɗaya tak. Kada ki cika shafin da sunayen mutane, masu saye za su bi ta nan su watse.

Yayanki,
Bilyaminu

Gummi

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Zauna tukuna kafin ka karanta.

Na yi wa Inna bayani, sai ta ce ashe biki ne yarinyar ta yi mata. Na ce ba biki ba ne, linki ne. Ta ce, "Ta ɗauki sunana ta aza ƙofar gidanta, ba ta san ni ba, ki ce ba biki ba ne? To wa ya taɓa rama biki daidai wa daida? Ninkawa akai."

Babu yadda na iya. Na tambayi Sahura sunan wata tata, ta ba ni na maƙwabciyarta mai man shanu, na sa su biyu. Yaya, ashe Sahura ma tana da uwa a gida! Tsohuwar ta ji an ninka musu, ta ce ba za a kunyata ta ba. Ban da Inna, suka karɓi sunan Naja'atu mai tabarma ta layinmu suka sa, suka nemi ƙari. Mai man shanu ita ma ta rama. Yanzu abin ya fi ƙarfina. Waɗanda ba su da shafi, mun yi musu gurbi a namu, da hoto da lambar waya.

Ka ce masu saye za su watse. Sun watse kam, amma zagayowa suke yi. Wani mutum ya kira daga Fatakwal, ya ce zuma ya shiga nema a shafin wani ɗan Anka, ya faɗa man shanu, daga nan kuka, sai ga shi gaban daddawar Zugu. Ya ce shi ɗan Zugu ne, rabonsa da ƙanshinta tun mahaifiyarsa na da rai. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, suka yi ta lissafo dangi.

Mata ne ba su taɓa ganin juna ba, hanya ta hana su ziyara, ga su suna miƙa wa juna baƙo daga gari zuwa gari. Ɗaki ya yi wayam, kalwa muke nema. Ikon Allah ke nan.

Sai dai hadari ya fara haɗuwa, kuma Inna ba ta ce komai ba game da tafiya. Ni kuma na kasa tambaya.

Taka,
Hamida

Anka

Hamida,

Na gaishe ku. Na bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya har wayata ta mutu, ban kai ƙarshe ba. Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma kada ki cire ko ɗaya. An yi ruwa a nan jiya. Don Allah ki tambaye ta, ki rubuto mini abin da ta ce, kalma da kalma.

Bilyaminu

Gummi

Bilyaminu,

Inna ce ka magana, Hamida na rubutawa. Ina gaishe ka, Allah shi yi ma albarka.

Ka bar damun yarinya da tambaya. Ba ni zuwa. Mutane na sallama ƙofata, ba ni rufe ta in tafi.

Ka gyara wuri guda kusa da sunana. Na Habsu ne, ƙawata da munka baro ta can Zugu ita kaɗai. Ta fi ni iya daddawa. Na aika mai babur shi ɗauko ta, yanzu ina da abin da zan ce mata ta taho dominshi.

Ka yi muna addu'ar hanya.

Innarka