Matar da ke Kallon Taga

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya hanya, ya yara? Ni dai tun rasuwar Mama ina nan. Ina ci, ina barci, ba na jin komai.

Na shiga ajin zane a saman shagon mai gyaran takalma na layinmu. Ka san hoton Mama ɗaya ne tak, kuma ya tafi da wayata da aka sace. So nake in zana ta tun ina iya ganin fuskarta. Malamin ya ce a'a, sai na fara kwaikwayon aikin wani tsohon gwani, wata mata mai farin ɗankwali tana kallon taga. Wai a nan ake koyon haske da inuwa. Na ce to.

Ka huta lafiya.
Auta

Auta,

Kowa lafiya lau. Ke da ko da'ira ba ki iya ba, yau ke ce mai zane? Ikon Allah! Yi dai, ya fi zaman ɗaki. Amma ki zana Mama tana harara, ni haka na san ta. A yi har da nawa.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da dogon shiru. Malamin kife zanen yake yi, kai a ƙasa, don kada ido ya ga mutum, ya ga siffa kawai. Haka na yi ta yi. Na goge hancin matar nan har yadin da nake zane a kai ya kusa hujewa. Yanzu ko ido a rufe zan zana ta. Jiya ya duba ya ce, "Hannunki ya faɗa. Ɗauko sabon yadi ki zana mahaifiyarki."

Na zauna, na haɗa fenti. Na rufe ido in hango Mama, sai ga matar taga. Na sake, ita ce dai, hancinta, haɓarta. Ban yi kuka ba. Na wanke buroshi na dawo gida.

Don Allah ka rubuto min yadda take. Ba halinta ba, fuskar. Girarta, bakinta, faɗin goshinta. Ka fi ni daɗewa da ita.

A gaida mutanen gida.
Auta

Auta,

Takardarki ta iso. Na ajiye mota a gefen titi na daɗe zaune. Muryarta na nan a kunnena, har da yadda take kirana in na yi laifi. Fuskar kuwa, wallahi, ni ma zanenki nake jira in tuna.

Allah Ya ji ƙanta.
Yayanki