Yadda Na Tona Asirin Hazbiya

Litinin, 3 ga Maris
Yau na ɗinka wa kaina rigar da ta fi ƙarfina. Babbar 'yata tana cikin masu gina wata manhaja ta kyauta, irin wadda kowa ke sa hannu, kowa kuma na ganin aikin kowa. A can Hazbiya ake ce mata. Na ga ana ta yabon Hazbiya a shafinsu, ba wanda ya san 'yar gidan wa ce. Kai ya kumbura. Ni da boko ya ajiye a aji biyar, da yatsa ɗaya na rubuta cikakken sunanta da kamfanin da take aiki, na liƙa hotonta. Har da "Ubanta tela ne, ana karɓar ɗinki."

Talata, 4 ga Maris
Ashe shafin yana nuna sa'ar da kowa ya yi aiki. Manajanta ya duba: sha ɗaya na safe, biyu na rana. Lokacin ofis. An dakatar da ita sai kwamiti ya zauna.
"Baba, da ina so a sani, ai ina da baki." Iyakar abin da ta ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Na goge, ashe tuni an ɗauki hoton rubutun. Uwarta ta ce, "Malam, kai da ke yanka yadi kullum, ka taɓa mayar da wanda almakashi ya ci?"
Ko ɗinki ɗaya tallar ba ta kawo ba.

Asabar, 8 ga Maris
Ba ofis, don haka a teburin yankana 'yata ta kafa kwamfuta, tana magana da abokan aikin manhajar. Doka suke tsarawa. Suna: wanda mutum ya zaɓa. Hoto da wurin aiki: a rufe, sai mai su ya buɗe da kansa. A kan nuna lokacin aiki suka yi ta ja. Wani ya ce da shi ake bin sawun kuskure. Ta ce a bar rana, a cire sa'a.
Na leƙo na ce, "Ku ƙara layi: a ƙwace wayar uba." Keken ɗinki ma ya fi ta dariya.

Laraba, 12 ga Maris
Wata ta zo gwajin riga, ta yi mata cas. Na ɗaga waya zan ɗauka in watsa kamar kullum, sai na ji bakina yana tambaya. Ta ce a'a. Na ajiye. Dama hasken shagon ba shi da kyau.

Litinin, 17 ga Maris
An mayar da 'yata aiki, da takardar gargaɗi, da sharaɗin ta bar manhajar. Shekara huɗu ta yi a cikinta. Dokar nan ce aikin Hazbiya na ƙarshe.
"Ki yafe ni." Kalma uku. Na faɗa wa keke, na faɗa wa almakashi, duk sun yafe. Da ta shigo na gyara murya, na miƙe tsaye, na ce, "Kin ci abinci?"
Ta ce ta ci. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, tana jira.
Bashin yana nan.