Salular Baba

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024
An raba gado. Salular Baba ta faɗa wa Yaya Halilu, jibi kuma zai tafi ci-rani Kwatano da ita. Hotunan Baba da bidiyonsa duk suna ciki. Tun rasuwar ban buɗe ko ɗaya ba. Kuka ma ban yi ba, har mata suna kallona.

Talata, 5 ga Nuwamba
Bayan an tashe mu daga lakkwal, makarantarmu, na sayi katin memwar a bakin tasha, na kai wa Mukhtar mai cajin salula ya kwafe min komai. Ya ce, "Buɗe ki gani, malama." Na ce ba sai na gani ba. Na naɗe katin a leda, na sa cikin kwallar Inna.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Yaya ya tafi. Mun yi jarrabawar lissafi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Inna ta ce tana son jin muryarsa. Na aro salular Bushira maƙwabciyarmu, na sa katin. Sunayen hotuna da bidiyon suna nan reras, ba abin da ke buɗewa. Mukhtar ya jujjuya shi, ya ce, "Katin ga jabu ne. Yana nuna ya ci, alhali bai ci ba." Bai ce ai ya gaya min ba. Gara ma da ya ce.

Na kira Yaya. "Wallahi na goge, ƙanwata, wuri ya cika. Ba ke kika ce kin kwashe ba?"

Ni na ce.

Jumma'a, 15 ga Nuwamba
Na gaya wa Inna. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da tankaɗe. Na yi wanki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Matankari, gidan Gwaggo Shatu. Ashe da damina Baba ya tura mata bidiyo ɗaya, kuma ba ta iya gogewa ba. "Mi na sani? Abin da ya shiga nan, nan yake kwana." Gilashin salularta duk ya tsage.

Na tura wa Yaya, na tura a salular Bushira da na aro na zo da ita, na sa a sabon katin da Mukhtar ya gwada a gabana. Wuri uku, ban da na Gwaggo. Wannan karon sai da na buɗe, don in tabbata.

Gero kawai ake gani, ya fara fidda kai. Baba ba ya ciki, shi ke riƙe da salular. Yana cewa, "Shatu, dubi ikon Allah." Sai ya yi tari, ya ce wa wata, "Ke, kauce daga kan waken nan!" Ni ce.

Na duba na salular Bushira ma, yana buɗewa. Na sake dubawa. Gwaggo ta miƙo min bakin zanenta in share fuska.