Muryar Babana a Bakin Zakaranku

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu shirya wasan zane na barkwanci da ke birnin Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da iyalanku. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a wani ƙauye na ƙasar Waca, 'yar Nomau mai shela. Na san sunan ba zai tuna maka komai ba. Amma idan na ce zakaran nan mai jar hula, na cikin kashin da kuka yi a kan "mutanen kudu", ai ka gane shi. To, ubana ke nan. Sau biyu ina aiko maka da saƙo ta waya ba amsa, shi ya sa na fito fili.

Na farko, bari in tuna maka yadda kuka sami muryar. Da kaka, shekara uku da suka wuce, mutanenka suka sauka a zaurenmu, suka ce al'adun gargajiya suke tarawa don 'yan baya. Inna ta dama musu fura. Baba ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta salla, wai kada a ɗauki muryarsa da rigar gona. Ya yi musu shelar ɓatan akuya, da ta rigakafi, da ta sakin gonaki, kowace da mabuɗinsa da kowa ya san shi da shi: "In kunne ya ji, jiki ya tsira." Da suka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce ba a sayar wa baƙo magana. Ba wanda ya ambata masa zakara.

Na biyu, abin da kuka yi da ita. Kun zana mu mutanen da ke ɗaura waya a wutsiyar jaki wai don ta yi caji, masu gaida mota idan ta wuce. Ba zan yi maka ƙarya ba, wajen jakin ni ma na yi dariya. Dariyar ta ɗauke sa'ad da zakara ya hau kan rumbu ya buɗe baki, na ji muryar babana, har da gyaran muryar da yake yi sau uku, yana shelar an saki gonaki a tsakiyar damina, shanu suna cinye gero.

Wasa ya karɓu, ina taya ku murna. Samarin garinmu da suka fara zage-zage, kafin wata biyu su ne suka buga hoton zakaran a riguna. Mai shayin tashar Bande ya zana shi a jikin teburinsa. Aka yanko muryar aka mai da ita ƙarar kiran waya. Baba zai tsaya a kasuwa ya ce "In kunne ya ji," kafin ya ƙarasa an amsa masa da cara daga rumfuna. Haka ya daure shekara guda, yana dawowa gida yana cewa abin zamani ne, zai wuce.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Kai ɗan birni ne, wataƙila ba ka san nauyin sakin gonaki ba. A wurinmu makiyayi ba ya shigar da dabba gona bayan girbi sai Maigari ya tsai da rana, mai shela ya faɗa. Wannan magana ɗaya ita ta riƙe zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi tun kakanni. Da kakar bara waccan, an kwashe gero amma wake yana gona, wani mai son wasanku ya tura guntuwar muryar nan ta shelar sakin gonaki ita kaɗai, ba hoto, ta yi ta yawo har ta isa wayar maƙwabcinmu Bello, wanda ke noma yana kiwo. Bello bai taɓa kallon wasanku ba. Abin da ya sani shi ne shekara talatin yana jin muryar Nomau, bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ya kora shanunsa. Kafin azahar sun share waken Inna Tabawa, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, waken da take sa ran buhu huɗu a ciki.

A gaban Maigari, Bello ya kunna wayar. Aka tambayi Baba ko muryarsa ce. Ina wurin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, muryata ce, amma ba maganata ba ce." Wasu a bayan taro suka ƙyalƙyale. Maigari ya san gaskiya, kowa ya sani. Amma ya ce shelar da za a tsaya tambayar ko ta gaske ce ta tashi daga shela, Baba ya ajiye lasifikar har ƙura ta lafa. Shekara biyu ke nan ƙurar ba ta lafa ba. Bello ya sayar da maraƙi ya gyara ɓarna, har yau kunya ba ta barinsa ya bi ta ƙofar gidanmu.

Na huɗu, na ji hirarka a rediyo. Ka ce taubasantaka ce. Ka ce ko a ƙasashen Turawa an yi wasan zane da ya yi wa mutanen Ostireliya ba'a, suka yi fushi da farko, daga baya suka rungume shi har suna alfahari da shi. Ban kalla ba, ba zan musa ba. Amma ranka ya daɗe, Ostireliya ƙasa ce guda, ba'a ta rarrabu a kan jama'arta kowa ya ɗauki ɗan abin da ba zai yi masa nauyi ba. Ban ji ka ce an shiga gidan wani tsohonsu an sha furarsa an sato muryarsa ba. Mu ma garin ya rungumi zakara, gaskiyarka. Kayan dai mutum ɗaya aka ɗora wa.

Batun taubasantaka kuwa, ba a birni za a koya mana ita ba. Bafillace da Babarbare suna yi a kasuwarmu kowane mako. Taubashi a gabanka yake tsayawa ya tsokane ka, ka rama, a tashi ana dariya tare. Baba a ina zai same ku ya rama?

Ga abin da nake roƙo. Ku cire muryarsa daga wannan kashi. Jakin da motar ku bar abinku, mun yafe. Ka zo da ƙafarka ranar kasuwa, ka tsaya gindin tsamiyar da yake tsayawa, ka gaya wa jama'a yadda aka yi. Ba kunya ba ce, shi ma a nan ya tsaya ana yi masa cara.

Na ƙarshe shi ya fi damuna. Ku ba mu ainihin abin da kuka ɗauka a zaurenmu, cikakke, ba yanka. Baba ya tsufa, kuma yanzu ko sallama zai amsa, ƙasa-ƙasa yake yi. Ran sunan jikarsa an ce ya faɗa wa mutane sunan, ya ce a nemi wani. Na yi ƙoƙarin ɗaukar muryarsa da wayata, da ya ga wayar ya juya fuska bango. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushinku a kan haka: idan ta Allah ta kasance, duk ranar da na yi kewar muryar ubana, ba inda zan same ta sai a bakin zakaranku.

Allah ya ƙara wa sana'arku albarka, ya ba ku masu kallo fiye da na yanzu. Allah ya raya iyayenku da mutuncinsu, kada ya nuna muku ranar da za a kunna muryarsu ku sunkuyar da kai.

Wassalam.

'Yar Nomau mai shela,
daga ƙasar Waca.