Ranar Da Ɗalibata Ta Hana Ni

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Buba Tafinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya yalwata maka makwanci, na zauna ne in ba ka wani labari da ya tsaya mini a rai tun kafin damina. Na san ba za ka karanta ba. Amma tun ina ƙarama kai nake kawo wa ƙarar kaina, har yau kuma ban sami wanda zan riƙa kai wa ba.

Ka rasu ka bar ni ina aikin lauya. Yanzu koyarwa nake yi a jami'a, darasin da aka ɗora mini kuwa shi ne ladubban aikin lauya: abin da ya halatta ya yi, abin da bai halatta ba, da yadda zai riƙe amanar wanda ya ɗauke shi. Ɗalibai ba sa ƙaunar darasin nan ko kaɗan. A bayan idona Malama Haramun suke kirana, wai su a zatonsu ban sani ba.

Ni kuwa a zaurenmu na Yelwa na fara koyonsa. Kana dawowa daga kotu, inda kake juya wa alƙali yaren Gude da Fulatanci zuwa Hausa, sai ka tarar dangi sun cika tabarma suna jiran jin abin da aka tattauna a ofishinsa. Sai ka cire hula ka ce, "Abin da na jiyo can na kotu ne, ba nawa ba ne balle in raba." Haka za su sha ruwa su watse suna gunaguni.

Cikin ɗaliban da na koyar akwai wata yarinya 'yar Michika, Kuve. Gardama gare ta kamar me, ba ta taɓa barin maganata ta wuce ba ta ɗaga hannu ba. Yanzu ta zama lauya, tana da ɗan ofishi a cikin garin Mubi.

To, ka san gonar nan ta ƙauyen Duvu da ke maƙwabtaka da ta ƙanenka, Bappa Hamman. Mai ita ya rasu ya bar matarsa, Inna Jummai, tsohuwa ce da ba ta da abin dogaro sai wannan gona. Bappa ya ce rabinta nasa ne, ya kai ƙara. Tsohuwa ta ɗauki Kuve. Takarda babu, dukan maganar ta rataya ne a kan dattawan da suka san inda iyaka take, kuma Kuve kaɗai ta san waɗanda suka yarda za su zo su ba da shaida.

Wata Asabar da hantsi sai ga Bappa a gidana. "Wannan lauya ai yarinyanki ne," in ji shi. "Ke ne kika koya mishi aiki, ba zai ƙi ki ba. Ki tambayo mini sunan shaidu, in je in gaishe su kawai."

Baba, na san irin gaisuwar. Ita ce wadda ake ɗaure wa buhun masara a bayan babur, a dawo dattijo ya manta inda iyaka take. Na sani sarai. Amma mutumin nan shi ya ba da aurena, shi ya shiga kabarinka ya karɓe ka, kuma idan ya karkata kai yana magana kamar kai nake gani. Na kasa ce masa a'a. Ranar Litinin na hau keke na tafi, ina ta yaudarar kaina cewa ai suna ne kawai.

Kuve ta gan ni ta taso da gudu, ta durƙusa har ƙasa, ta ba ni kujerarta, ta kawo ruwan sanyi. Na yi ta kewaye-kewaye, lafiyar mama, lafiyar aiki, har dai na fito da abin da ya kawo ni. A ƙasarmu wa ya isa ya hana malaminsa abu, kuma a cikin ɗakinsa? Abin da na dogara da shi ke nan, ina jin kunyar faɗa maka.

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Malama, ki yi haƙuri da ni. Ke kika ce ko uwan da ya haife mu ne ya tambaya, kar mu buɗe baki. Ni zan ɗauka gaisuwa kika zo mini."

Ta rako ni har bakin titi, ta tsayar mini da keke. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Amma kafin mu kai Yelwa wani abu ya taso ya danne kunyar, na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai har mai keke yana leƙena ta madubi. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo ina tunanin iska ce ke kwashe maganata. Ashe akwai wadda ta riƙe, ta riƙe har ta fi ni. Wallahi Baba, ko ranar da aka rantsar da ni lauya ban yi alfahari haka ba.

Na sami Bappa na ce masa ban samo ba, kuma ba zan sake nema ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Har yau in na gaishe shi da hanci yake amsawa, da Sallah ma bai aiko yara ba. Yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Da muka koma aji na ba ɗalibai labarin duka, ban ce wata ce ta yi ba, na ce ni ce. Na ce musu duk ranar da na sake zuwa wa ɗayansu da irin wannan buƙata, ya ba ni ruwa in sha, ya raka ni bakin titi.

Dattawa uku suka zo kotu, babu wanda ya riga ya gaishe su, suka nuna iyaka inda take. Bana Inna Jummai gyaɗa ta shuka, tun daga bakin hanya har ƙarshen gonarta.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya yafe mini tafiyar nan ta ranar Litinin, Ya sanyaya zuciyar Bappa. Kuve kuwa, Allah Ya tsare ta, Ya ƙara mini ɗalibai masu iya duban idona su hana ni. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Hadizatu