A Zo a Duba Rumbu na Shida

Zuwa ga mai girma babban jami'in da gwamnati ta ɗora wa rabon irin shuka a yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan mai girma yana lafiya, da iyali, da dukan ma'aikatan biro, wato ofishinsa.

Sunana Abdu, ana ce mini Abdu Ma'auni, domin awon hatsi nake yi a kasuwar Gaya, shekara goma sha takwas ke nan tiya tana hannuna. Sau uku ina zuwa bironka, sau uku mai gadi yana ce mini ka fita rangadi, alhali ga motarka a inuwar dogon yaro ina kallo. Shi ya sa na rubuta wannan takarda a fili, na kuma sa a karanta ta a tasha ranar kasuwa, don kada gobe a ce ta ɓata a hanya.

Maganar ƙauyenmu ce, wanda ke bayan Zabori. Ba sai na faɗi sunansa ba, yana cikin takardarku. An cire shi daga jerin ƙauyukan da za a ba iri bana, wai don kowane gida ya sami dami hamsin a kakar da ta wuce, ku kuwa ba ku ba da iri sai inda aka gaza talatin. Dami hamsin! Ranka ya daɗe, ni na ga rumbunan nan da idona, kuma ina da hannu a ɓarnar, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Na ɗaya, yadda aka yi ƙidayar. Bayan girbi kuka aiko malamin gonarku, wanda ake kira munitar. Saurayi ne mai ladabi, sai dai ba ya jin Zabarmanci, Hausarsa ma ta littafi ce. Aka neme ni in raka shi in yi masa tafinta, don ɗan garin ne ni, kuma na yi shekara uku a lakwal, makarantar boko. Ya ce an koya masa ya duba gida goma, yana tsallake huɗu ya shiga na biyar, kuma haka muka yi. Amma maigari ya sauke mu a gidan Alhaji Tanko, attajirin garin, kamar yadda ake sauke kowane baƙo na gwamnati. An yanka mana zabbi, an ba mu fura da nono har muka ƙoshi. Da za mu tashi, ni, Abdu, da bakina na ce wa munitar ba a yin haka a wurinmu: ka ci abincin mutum kwana biyu, ka leƙa rumbun talakawa, ka wuce nasa kamar ba ka gan shi ba? Wulaƙanci ne. Ya buɗe kayensa, littafin da yake rubuta ƙidayar a ciki, ya ƙara gida na goma sha ɗaya. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na biyu, abin da muka tarar. Na riƙe shi a ka, domin sana'ata ce. Gida mafi rauni dami shida. Daga nan takwas, tara, goma sha ɗaya, goma sha biyu, goma sha huɗu, goma sha biyar, goma sha bakwai, goma sha takwas, ashirin. Ruwan sama ya ɗauke alhali hatsi yana cikin bunni, tsuntsaye suka ƙarasa abin da ya rage. Sai gidan Alhaji, dami ɗari huɗu da ashirin. Gonakinsa a kwari suke, inda laima ba ta ƙarewa, yana da 'yan ƙwadago ba adadi, kuma kowa ya ga jakunan da suka riƙa shigo masa da damma daga wajen Karakara, waɗanda ba a ƙasarmu aka noma su ba.

Munitar ya tara duka ya sami ɗari biyar da hamsin, ya raba gida goma sha ɗaya, ya rubuta hamsin. Lissafinsa daidai ne, na sake yi da tsakuwa har sau biyu. Amma ka nuna mini gida ɗaya a ƙauyen nan mai dami hamsin. Babu. Goma ba su wuce ashirin ba, ɗaya kuma ya yi wa hamsin nisa tun tuni. An rubuta wa gari arzikin da ba ya rumbun kowa.

Na uku, ba na raina ilimin lakwal, ni ma shi na ɗan lasa. Tarawa da rabawa yana aiki inda abubuwa suke kusan kai ɗaya. In na auna tiya goma daga tari guda, wata ta ɗan fi, wata ta ɗan gaza, in na tara na raba zan faɗi gaskiya. Amma arzikin mutane ba haka Allah ya raba shi ba. Da yawa suna ƙasa a cunkushe, ɗaya ko biyu suna can sama su kaɗai. Je ka kasuwar awaki ka ga dillali yana yi wa garke kuɗi. Wallahi ba ya kallon ragon turken da aka sako a ciki don a ruɗe shi. Gefe yake ja da shi, ya ja gurguwar ma gefe, sannan ya dubi sauran. Ko kuwa ya jera su a ido daga ƙarama zuwa babba, ya ɗora hannu a kan ta tsakiya, ya ce ga garken nan.

A yi wa gidajenmu haka mana. A cire na sama da na ƙasa, a tara taran da suka rage a raba, ba za a kai goma sha huɗu cif ba. A jera su goma sha ɗayan kuma, biyar dama biyar hagu, na shida yana da goma sha huɗu. Hanya biyu, amsa kusan ɗaya. Kuma ka lura, ranka ya daɗe: ko da Alhaji dami dubu huɗu ya tara, na shida yana nan a goma sha huɗunsa, bai motsa ba. Lissafin munitar kuwa sai ya tashi ya mai da mu garin sarakai. Awon da mutum ɗaya zai iya ja duk inda ya ga dama, ni ba zan auna wa marayu hatsi da shi ba.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. Tun a hanyar dawowa na faɗa wa munitar duk abin da na rubuta a sama. Ya ce haka aka koya masa, kuma takarda ba ta da gurbin wata lamba sai ɗaya. To, na ji, yaro ne. Amma takardar ta bi hannu nawa kafin a buga mata hatimi? Duk cikin biro babu wanda ya ga shida da takwas da tara a jere, sannan ɗari huɗu da ashirin, ya ce kai, tsaya? Mutumin da ya ƙi tsallake ƙa'idar rabawa, me ya sa bai yi mini gardama ba ko sau ɗaya da na ce a karya ƙa'idar gida goma? Me ya sa Alhaji, wanda a bara ya rantse wa mai ƙidaya cewa rumbunansa ɓeraye kaɗai ke ciki, bana shi da kansa ya sa aka ɗauko tsani? Kuma irin da aka hana mu, ina ya nufa? Na ga kamiyo biyu, manyan motocin kaya, sun fito daga sito da rufin tamfol sun yi wajen iyaka, na tambayi direbobin, waɗanda duk na san su, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ce an haɗa baki ba, don ban gani ba. Abin da na gani shi ne, tun da labari ya fita cewa ba mu da iri, mutum ɗaya ne a ƙauyen yake da hatsin sayarwa, kuma tiyarsa ta ƙara tsada.

An ce mana Nasara ya tafi, yanzu 'ya'yanmu ke riƙe da alƙalami. Mun yi murna, har da rawa muka yi a filin Gaya. Ban zaci alƙalamin ɗan gida zai ƙosar da mu a takarda mu kwana da yunwa ba.

Na biyar. Gidan nan na shida, mai dami goma sha huɗu, gidan wana ne, Yaya Hamidu, uwa ɗaya uba ɗaya. Baki goma sha uku yake ciyarwa. Tun kafin zafi ya shigo rumbunsa ya ƙare. Matarsa ta riƙe irin da suka ware a cikin gora, ta liƙe bakin da yumɓu, tana ce masa su yi haƙuri, gwamnati ta aiko an rubuta su. Ranar da aka karanta jerin babu sunan ƙauyenmu, shi da kansa ya fasa yumɓun ya miƙa mata ta daka. Makon jiya na kai masa tiya ashirin daga aljihuna, abin da ƙarfina ya kai ke nan. Ya karɓa saboda yara. Bai ɗaga ido ya dube ni ba, abin da ya ce kawai shi ne in gaida baƙona mai kaye. Tun ina yaro bai taɓa yi mini magana irin wannan ba, kuma ta yi mini ciwo, domin gaskiyarsa ce.

Saboda haka ina roƙon mai girma. A buɗe kayen munitar a gaban maigari da jama'a, a karanta lambobin goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ba hamsin ɗin nan kaɗai ba. A mai da ƙauyenmu cikin jeri kafin ruwan fari, don hadari ya fara haɗuwa ta wajen kogi, kuma irin da ya zo bayan shuka abinci ne kawai. A duba sauran ƙauyukan da aka cire, daga Zabori har Tounouga, domin kowane gari yana da Alhajinsa, kuma kowane baƙo a gidansa ake sauke shi. A kuma gaya mana inda kamiyon nan biyu suka sauke kaya.

In duk wannan ya yi yawa, to a yi mini ɗaya. Ka zo da kanka, kada ka sauka gidan kowa, ka taho da ruwanka a gora. Zan kai ka rumbu na shida in riƙe maka tsani. Ka leƙa, in ka ga dami hamsin, ko dami ɗaya ma, ka sa jandarma su tafi da ni daga nan.

Allah ya ja zamanin mai girma, ya tsare hannunsa daga hatimin da zai tsaya masa ranar awo, ya ba mu damina mai albarka da abin da za mu zuba a rami in ta zo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Abdu Ma'auni, kasuwar hatsi, Gaya.