Sun Yi Mini Zaman Makoki Ina Raye

Ya Zundel, baban Mindel, hasken idona, kogina ranar da ƙanƙara ta narke, burodin Asabar mai ɗumi a hannun mayunwaci!

Kada ka yi dariyar rubutuna. Sai da furfura ta fito mini na koyi baƙaƙen Yidish, harshenmu na Yahudawa, daga takardun wasan da ka bari, don in zauna a ramin dandali ina raɗa maka magana idan ta kuɓuce maka.

Ka tuna ranar da na fara ganinka a lambun wasan kwaikwayo na garin Yash? Aka soke ka da wuƙar katako, ka faɗi, na haye dandali ina ihu a kira likita. Kai kuwa gawa ka buɗe ido ɗaya, ka ce, "Baiwar Allah, kin danne mini gemu, ɗaga, na aro ne." Tun ranar zuciyata ba ta sauko ba!

To yau ni ce gawar. Da na gaya wa Baba zan biyo ka da Mindel mu shiga wasa, sai ya yage wuyan rigarsa, ya zauna a ƙasa, ya sa aka lulluɓe madubai, yadda muke yi in an yi mutuwa. Ina tsaye da shayi a hannu, maƙwabta na yi masa ta'aziyyata! Gwaggo Beila har da cewa, "Allah ya ji ƙanta, da ma ba ta iya miya ba." Wai in na fasa tafiya, Baba zai tashi ya kira ni 'yarsa.

Ina tsoro, masoyi, ba zan ɓoye maka ba. Yarinyar nan sanyi kaɗan sai tari. Ina za ta kwana? A keken doki? Wa zai dafa mata madara a hanya?

Amma jiya na same ta durƙushe a kan bokitin ruwa, tana duba fuskarta, tana gwada kukan sarauniya yadda ka koya mata, tunda an hana ta madubi. 'Yata ce za ta koyi sana'ar ubanta a ɓoye kamar ɓarauniya? Sai na fizge mayafin madubin a gaban masu ta'aziyya, na sa masa almakashi. Alkyabbar sarauniya ta fita ciki, har da saura.

Su yi ta makokinsu! Ka tare mu a tashar jirgi ranar Lahadi, ka zo wa Mindel da bargo mai kauri.

Taka ce ni, da raina da numfashina, har ranar da za a lulluɓe mini madubi da gaske,

Tsirel